Igiyar da Babu Kowa a Samanta

Ku da kuka taso kuka tarar da Baffanku Mamman yana jan ƙafar hagu, kowannenku akwai labarin da aka ba shi. Wasu an ce musu aljanin ƙorama ne ya hankaɗo shi, wasu an ce Bature ne ya ba shi ruɓaɓɓiyar igiya. Akwai ma wanda na ji da kunnena a wurin wani suna yana cewa wai tsoro ne ya kama shi ya suma. Wannan ta ƙarshen ita ta fi ƙona mini rai, domin a duk Sakkwato ban san mutumin da zurfi bai dama ba kamar yayana Mamman. Ina wurin, ni ne a ƙasa, wutsiyar igiyar tana hannuna. Tunda shi ya riga mu gidan gaskiya, ni ma kuma gwiwoyi sun fara aiko mini da sammaci, bari in rubuta muku yadda abin ya faru.

Gidanmu na bayan Hubbare gidan mahaƙa rijiya ne tun kaka da kakanni, kuma muna da doka guda wadda ta fi kowace ƙarfi: mai shiga rijiya ba ya taɓa igiya. Za a ɗaura guntun itace a bakin igiyar rama ka zauna a kai, a zarga maka wata a ƙirji, shi ke nan, hannuwanka na bango ne. Da su za ka tokare kada ka bugu, da su za ka lalubi inda ƙasa ta tsage. Igiya kuwa ta mutanen sama ce. Baba yakan naɗa ta a jikin gungumen da aka gitta a bakin rijiya, yana sakinta kaɗan-kaɗan, kuma yana cewa a tafin hannunsa yake jin numfashin wanda ke ƙasa. In ka cafki igiya ka ɓata masa wannan ji, ka kuma nuna wa duniya ba ka yarda da ubanka ba. Duk wanda ya fito, sai ya buɗe tafukansa Baba ya duba. In ya ga zaren rama ko ɗaya, tsumagiya ce za ta yi magana. Ni Bello na sha ta har na gode Allah, don da na ga hasken sama ya fara tsukewa sai hannuna ya kai kansa. Mamman kuwa tun yana ɗan saurayi ba a sake ganin zare a tafinsa ba. Za a zura shi rijiya mai gaba ashirin yana 'yar waƙarsa, hannuwa a sake kamar wanda ke zaune a zaure. Baba bai taɓa yabonsa ba, amma duk rijiyar da ta gagara shi ake turawa.

Shekarar da nake ba ku labari, soja ke mulki, kuɗin mai kuma sun shigo gari kamar an ɓalle madatsa. Ko'ina tifa, ko'ina siminti, ana ta shimfiɗa kwalta ana gina jami'a can wajen Kwalkwalawa. Kowa na murna ban da mu. Motocin haƙar burtsatse sun iso, abin da muke yi a wata biyu da gumi sai su gama shi kafin ka gane me ake ciki, a kafa famfo yara na tafi. Masu unguwannin da a da suke aiko wa Baba da goro suka koma gaishe shi daga nesa. Igiyoyinmu suka yi ta rataye a zaure har gizo-gizo ya yi gida a ciki. Matar Mamman tana da tsohon ciki, tuwon Inna kuma kullum ƙara tsinkewa yake yi.

Ana cikin haka wani direba maƙwabcinmu ya kawo labarin cewa kamfanin da yake wa aiki, masu gina manyan ramukan ajiye ruwa, suna neman mutum biyu da za su iya sauka da igiya su duba bango. Ya kai mu wurin Baturen da ke kula da aikin, wani dogo mai jan wuya da leburori suka laƙaba wa Zakara. Hausarsa a karye take amma ana ganewa, kuma mutum ne mai fara'a, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ya ce ya ji mu gwanaye ne, to amma igiyarsa daban take da tamu, sai ya koya mana ya gwada mu tukuna. A ƙasarsu, in ji shi, abin da yake yi ran hutu shi ne ya bi ƙorama daga kan dutse yana sauka da igiya ta cikin ruwan da ke zubowa, don nishaɗi kawai. Na dubi Mamman, Mamman ya dube ni. Mu dai ba mu taɓa jin wanda ya ƙoshi har ya rasa abin yi sai wannan ba. Ya ce ya samo wata 'yar ƙorama a bayan Kwalkwalawa, inda tudun marmara ke gangarawa fadama, tana da mazubi uku inda ruwa ke faɗowa daga tsayi, gajeriya ce, ta 'yan koyo, har matarsa ta sauka ta. In muka bi ta lafiya, aiki ya zama namu.

Ya fara koya mana a jikin wani gini da ba a gama ba. Igiyarsa siririya ce mai santsi, ta roba, ba ta kai kaurin babban yatsana ba. Za ka sa ɗamara ta zagaye ƙugu da cinyoyi, a maƙala mata wani ƙarfe mai kama da lamba takwas, a zura igiya a ciki. A sama kuwa sai a ɗaure ta a jikin itace ko turke, a bar ta nan. Kai da kanka za ka sauke kanka: hannun dama yana riƙe da igiya a bayan ƙugu, in ka sassauta ka gangara, in ka damƙe ka tsaya. Ya yi ta maimaita mana cewa ko maciji ne ya sare ka, wannan hannun ba ya saki. Ya kuma nuna mana cewa wanda ke ƙasa, in ya ga na sama ya kuɓuce, ya ja wutsiyar igiyar da ƙarfi, ƙarfen zai cije ta mutum ya tsaya. Ni abin ya zo mini daidai, tunda dama can ɗan cafke igiya ne ni. Mamman ma ya iya nan da nan, sai dai na lura yana riƙe ta ne kamar mai riƙe abin da ba nasa ba.

Da muka koma gida muka tarar da Baba a zaure bayan la'asar. Mamman ya durƙusa ya yi masa bayani tiryan-tiryan. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce:

"To, na jiya. Wa ka riƙon igiyar bisa?"

"Ba kowa, Baba. Ga icce aka ɗaure ta."

"Icce?" Ya ɗago kai. "Icce ka riƙon mutum? In ka yi nishi, icce na ji? In ka kira shi, shina amsawa?"

Na yi karambani na ce ai Baturen ya ce ƙoramar ta yara ce, har matarsa ta bi ta. Ya juyo ya yi mini kallon da na sani.

"Kai Bello, yi min shiru. Kai dama ba ka taɓa yarda da kowa ba, igiyag ga taka ta. Wanga nika ji ma tsoro." Ya nuna Mamman da haɓa. "Ban hana ku ba, don na san abin da ag ga tukunya. Amma ban ce ku tahi ba."

Inna tana bayan ƙyaure tana ji. Da muka shigo ta kama bakin rigar Mamman, ta ce:

"Ku dai yi ta addu'a, ɗiyana. Ni hwa gabana faɗuwa shikai tun da safe."

Mamman ya yi dariya ya ce mata wanda ya shiga rijiyar da ake ganin taurari da rana daga cikinta, ba 'yar ƙoramar da mata ke wanka ce za ta ba shi tsoro ba. Ni ban yi dariya ba. Maganar Baba ta riga ta zauna mini a ciki, na kasa cin tuwon kirki.

Tsakiyar damina ce, an kwana biyu ana ruwa. Da hantsi motar kamfani ta ajiye mu a bakin gonakin gero, muka taka zuwa kan tudu, Zakara a gaba da igiya a kafaɗa yana fito. Tun kafin mu ga ƙoramar muka fara jin ƙararta. A bisa tudu ba ta wuce a tsallake ta da ƙafa ba, amma ta ci marmara ta yi kwazazzabo mai jan bango, ƙunci ƙwarai, bishiyoyi sun rufe samansa. Zakara ya tsaya ya dubi ruwan, ya ce ya ɗan ƙaru a kan yadda ya san shi, amma ba komai. Ya ba mu hular kwano kowa ya kifa. Mazubin farko bai fi tsayin ɗaki ba. Ya zarga igiya a gindin wata tsamiya, ya juya wa ramin baya, ya jingina da iska ya sauka yana dariya. Da nawa ya zo, sai na gane bambancin wannan da rijiya. A rijiya kana fuskantar bango, shiru, kana jin muryar Baba a sama. Nan kuwa sai ka ba rami baya, ka kwanta a kan abin da babu, ƙafafu a kan dutse mai gansakuka, ruwan sanyi na dukan gwiwarka. Na leƙa sama don in ga fuskar mutum, sai na ga gindin tsamiya. Na damƙe igiya har farcena ya shiga nama, na sauka da ƙyar kamar akuyar da ake ja kasuwa. Mamman ya biyo ni sumul, ya dira yana tsokanata wai in duba wandona.

Abin da Zakara bai faɗa mana ba sai da muka sauka shi ne, in ka shiga babu komawa. Ya jawo igiyar daga sama, dama zarga ta kawai ya yi bai ƙulle ba, ta faɗo gabanmu, na dubi bangon da muka baro, santsi kamar an shafa masa mai. Hanya ɗaya ce, gaba. Muka bi ruwa, wani wuri iya gwiwa, wani wuri iya ƙirji, muna dafa bango. Mazubi na biyu ya fi na farko kaɗan, shi ma muka wuce, har na fara jin ƙila tsoron banza nake yi. Sai kwazazzabon ya ƙara tsukewa, hasken ya ragu, ƙarar da ke gabanmu ta cika kunne har sai ka yi ihu kafin na kusa da kai ya ji.

Na ukun ya kai tsayin bene mai hawa biyu. Kuma a nan duk ruwan ƙoramar ya taru a wata 'yar tsaga ya zuba gaba ɗaya, babu gefen da za ka raɓa, dole ta cikinsa za ka bi. Wajen rabin tsayin akwai wani dutse da ya turo kai, ruwan na dukansa yana tarwatsewa. Zakara ya zarga igiya a wani turken ƙarfe da ya kafa tun zuwansa na baya, ya jijjiga shi ya ga da ƙarfi. Ya ce ni zan fara sauka, in na isa in riƙe wutsiyar igiya saboda yayana, shi kuma zai tsaya ya duba ɗamarar Mamman ya zo a ƙarshe. Mamman ya dafa kafaɗata, ya sa baki a kunnena:

"Kak ka ji komi, ƙanena. Yi bisimilla. Ina nan bisa."

Wallahi wannan kalmar ita ta sauke ni. Na ba rami baya, na yi taku uku, ruwan ya rufe ni. Ban taɓa sanin ruwa na da nauyi haka ba. Yana dukan hular kamar ana ruwan tsakuwa, ya shiga hanci ya shiga baki, ban ga komai ba, ban ji komai ba, ban san ina ne sama ba. Abu ɗaya na sani a duniya, igiyar da ke hannuna na dama. Na yi ta sakinta taƙi-taƙi ina salati a zuci, gwiwata ta bugi dutsen nan, na zame ta gefensa, can sai na ji ƙafata a cikin tafki. Na fito gefe ina tari. Na cire ƙarfen, na naɗa wutsiyar igiya a hannu sau biyu, na ɗaga kai.

Na ga Mamman ya bayyana a baki, ya jingina, ya fara sauka da natsuwarsa, ƙafa bayan ƙafa. Na ga ruwan ya hau kafaɗarsa, ya hau kansa. Ya ɗan tsaya. Sannan, ina kallo da idona, ya buɗe hannuwansa duka biyu ya miƙa su gaba yana laluben bango, a hankali, ba firgita, daidai yadda na gan shi yana yi sau ɗari a rijiya in ƙasa ta zubo masa a ido. Igiyar ta yi wani kuka a cikin ƙarfen, ya taho.

Ba zan ce muku dabara na yi ba. A rijiya, in kana ƙasa ka ga abu ya taho daga sama, bango ake gudu a rufe kai, kuma abin da jikina ya yi ke nan. Na yi tsalle baya da dukan ƙarfina, igiyar da ke naɗe a hannuna ta miƙe ta ɗaure, ta fizge ni na faɗi cikin ruwa. Ƙarfen ya cije. Amma kafin ya cije na ji ƙarar da har yau nake ji in ana sara ƙashi a mahauta: ƙugun Mamman ya haɗu da dutsen nan.

Na miƙe ina jan igiya. Yana rataye a ƙarƙashin dutsen, kai ya langaɓe baya, hannuwa na lilo, ruwa na zuba a kan fuskarsa. Na kira sunansa, ban ko ji muryata ba. Zakara yana sama yana ɗaga hannu yana ihu, ban san me yake cewa ba, kuma ba shi da hanyar saukowa tunda igiya ɗaya ce kuma mutum na kanta. In na saki, Mamman zai faɗo kan duwatsun tafki. In na ci gaba da riƙewa, ruwa zai kashe shi a rataye. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, kafin nan ko bayansa. Ina kuka kamar yaro. Sai na zagaya igiyar a bayana, na kafa ƙafa a jikin wani dutse, na fara sassautawa kaɗan-kaɗan. Ta ƙi motsi, na ƙara, ta zame da yawa, na damƙe, fatar tafina ta tafi da ita. Haka na yi ta yi, ina saki ina damƙewa, yana saukowa yana juyawa a cikin ruwa, har ƙafafunsa suka taɓa tafki. Na yi wurgi da igiya na rungume shi na ja shi gefe. Na kifa shi, na bubbuga bayansa. Shiru. Na sake bugawa ina kiran Allah da duk sunan da na sani. Can ya yi wani kakari, ruwa ya ɓulɓulo ta hanci da baki, ya ja numfashi, sannan ya saki ƙara saboda ƙugun. Ban taɓa jin daɗin ihun mutum ba sai ran nan.

Zakara ya sauko fuskarsa fara fat, jan wuyan ma ya gudu. Ya yi ta tambaya da karyayyar Hausarsa me ya sa ya saki, me ya sa, ai ya iya. Ban amsa masa ba, don ba abin da zai gane ba ne a tsaye cikin ruwa. Daga nan kwazazzabon ya buɗe zuwa fadama. Na ruga na tarar da manoma suna noman shinkafa, suka ciro ƙyauren wata bukka suka zo, muka ɗora shi muka fitar da shi zuwa mota. A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ya fashe, zai rayu, zai ma taka, amma ba kamar da ba. Yana kwance can matarsa ta haihu, aka yi suna ba shi. Ni kuwa kamfani suka ce aiki nawa ne in ina so. Ban so ba, ko kusa. Amma yanzu bakuna sun ƙaru, hannuwa sun ragu, don haka da tafina ya warke na je na karɓi ɗamara. Da ita na ciyar da gidan nan shekara da shekaru, da ita aka yi karatun yawancinku, kuma har na bar aikin ban daina jin tsoron ba rami baya ba.

Duk zaman Mamman a asibiti Baba bai je ba. Kullum zai tambayi Inna da jiki, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya koma zaure. Mutane suka ce fushi yake, ni ma haka na ɗauka. Ranar da aka dawo da shi gida, bayan an watse daga gaisuwa, ina zaune a bakin gadonsa ina gyara masa matashi sai ga Baba ya yi sallama ya shigo. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya daɗe yana duban ƙafar. Sannan ya matso ya zauna a ƙasa, abin da ban taɓa gani ba, ya kamo hannun Mamman ya buɗe tafin. Lafiya lau yake, ko ƙwarzane babu.

"Bello ya ce min an gaya maka kak ka saki," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Ya ce ka jiya, ka kuma iya. To mi yas sa?"

Mamman bai ɗago ido ba. Ba da zargi ya faɗa ba, na rantse muku, ya faɗa ne kamar mai ba da haƙuri.

"Ban san na saki ba, Baba. Ruwa ya ruhe min ido, ban ganin komi, ban jin komi. Sai nij ji kamar kana bisa."

Baba yana nan riƙe da hannun. Ya yunƙura zai tashi, sai ya koma ya zauna. Aka kira sallar magariba a masallacin unguwa, mutumin da tun da na yi wayo ban ga jam'i ya wuce shi ba, yana nan zaune a ƙasa bai saki hannun ba. Ni na tashi na ja musu ƙofa.